Cire kardan na baya a kat-kat: yana rage shan mai da gaske?

Malamin_SabonGari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da mota kat-kat, wato mai ja da tayoyi huɗu, Toyota RAV4 ƙirar 2003, mai shan fetur, otomatik, wadda na saya hannu na biyu shekara huɗu da suka wuce. Yawancin tafiyata a cikin Damagaram ne, daga gida zuwa wurin aiki da kai yara makaranta, sai kuma sau biyu a wata nakan je ƙauyenmu da ke bayan Magarya domin duba mahaifiyata. A lissafina motar tana shan kusan lita 13 a kilomita 100, kuma abin ya fara yi mini nauyi. Wani makanike ya ce mini tun da tayoyi huɗu ne ke ja a kullum, idan ya kwance kardan, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi baya, injin zai huta, shan mai kuma zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kafin in ba shi mota ya taɓa, ina roƙon waɗanda suka san abin, ko suka taɓa gwadawa, su faɗa mini gaskiyar al'amari.

Direban_Agadas:
Wa alaikumus salam, Malam. Shekara goma sha tara ina tuƙin Land Cruiser tsakanin Damagaram, Tanut da Agadas, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne kat-kat ba iri ɗaya ba ce. Tamu tana da ƙaramin liba na biyu mai 2H, 4H da 4L, sannan a cibiyar tayoyin gaba akwai abin murɗawa da aka rubuta FREE da LOCK. Idan muna kan kwalta, liba yana 2H, cibiyoyi suna FREE, tayoyin baya kaɗai ke turawa, kuma kayan gaba ba sa juyawa ko kaɗan. Wannan ba dabarar makanike ba ce, haka masu ƙera motar suka tsara ta. Taka kuwa ban san ta da irin wannan liba ba, don haka kada ka ɗauki abin da ya dace da tawa ka ɗora wa taka.

DanBirni:
Ni dai na ga mutane da yawa a nan garin suna yawo da RAV4 ba kardan na baya, kuma motocin suna tafiya lafiya lau. Idan abin yana da illa, ai da tuni an gani.

Usta_MaiGareji:
DanBirni, ana gani, sai dai a gareji ake gani, ba a kan titi ba. Malam, ka ba ni dama in yi bayani a tsanake, domin wannan aikin yana zuwa hannuna lokaci zuwa lokaci. RAV4 ta farko da ta biyu, wato daga 1994 zuwa 2005, waɗanda aka ƙera da ja huɗu, suna ja da tayoyi huɗu a kowane lokaci. Ƙarfin da ya fito daga buwat, wato akwatin giya, yana shiga difaransiyal na tsakiya, shi kuma ya raba shi gida biyu, rabi gaba rabi baya. Ɗabi'ar difaransiyal ita ce yana sakin juyi zuwa ɓangaren da ya fi sauƙi. Idan ka kwance kardan na baya, ka bar masa ɓangare guda wanda ba ya ɗauke da nauyin komai, sai juyin ya nemi tserewa ta can. Abin da ke hana motar tsayawa cak a irin taka shi ne bisko, wato wani gwangwani mai faya-fayan ƙarfe da ke nutse cikin man silikon mai kauri. An yi shi ne domin ya kama na ɗan lokaci idan taya ta yi santsi. Da zarar an cire kardan, shi kaɗai zai riƙa ɗaukar dukan ƙarfin motar daga safe har dare, a zafin watan Afrilu na Damagaram. Yana zafi, man cikinsa ya lalace, wata rana ka taka totur injin ya yi ƙara mota ta ƙi ja yadda ya kamata. Akwai kuma wani haɗari da ba a cika faɗa ba: idan ka ajiye ta a P a kan gangare ba ka ja birkin hannu ba, tana iya silalewa a hankali, domin maƙullin P ba ya riƙe tayoyin gaba sosai idan ɗaya ɓangaren a sake yake.

DanBirni:
Usta, na ji bayaninka. To waɗanda nake gani fa, yaya suke yi?

Usta_MaiGareji:
Wasu tun daga masana'anta masu ja biyu ne, domin an ƙera RAV4 mai jan gaba kaɗai, kuma a ido ba ka bambanta su sai ka leƙa ƙasa. Wasu kuma an buɗe musu ciki an yi wa difaransiyal na tsakiya walda, ya zama ƙarfe guda. Wannan tana tafiya, amma ta tashi daga kat-kat ke nan, domin idan ka mayar mata da kardan bayan walda, gaba da baya za su ɗaure da juna a kan kwalta, musamman wajen kwana, har wani abu ya karye. Saura kuma suna cikin kwanakin da bisko bai riga ya ƙone ba.

Alhaji_Kolliya:
Ni ina cikin waɗanda aka yi wa walda, kuma ba zan ɓoye ba. Tawa ƙirar 2002 ce. Ba don mai na cire ba, kardan ɗin ne ya lalace yana girgiza mota, wanda na samu a kasuwa kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina a lokacin. Yau shekara biyu ke nan ina hawanta daga gida zuwa shago, wani lokaci har Matamaye, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Game da mai, a zuciyata ina jin ta ɗan yi sauƙi, amma ban taɓa aunawa da alƙalami ba, saboda haka ba zan rantse ba. Abin da na tabbata da shi shi ne yanzu ina gudun wasu lunguna na bayan gari da a da nake ratsawa ba tare da tunani ba.

Injiniya_Tanimu:
Alhaji ya yi adalci da ya ce bai auna ba, domin a nan ne maganar take. Mu tambayi kanmu, me ya sa kat-kat ta fi 'yar'uwarta mai ja biyu shan mai tun farko? Dalili biyu ne. Na farko nauyi: pon na baya (akwatin haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya biyu), kardan, sandunan da ke shiga tayoyin baya da ƙaramar buwat mai raba ƙarfi, dukansu ƙarfe ne da injin ke ɗauka duk inda aka je. Na biyu gogayya: haƙora da boris da ke juyawa cikin mai mai kauri suna cin wani ɓangare na ƙarfin. To idan an kwance kardan kaɗai, me aka rage? An rage 'yan kilo kaɗan. Pon na baya yana nan, sandunan suna nan, kuma suna ci gaba da juyawa, sai dai yanzu tayoyi ne ke juya su maimakon injin ya juya su kai tsaye. Tayoyin kuwa wa ke jan su? Injin ɗin nan dai. Ƙarfin da ake buƙata domin ture iska da mirgina mota mai nauyin da ya haura tan guda bai canja ba don an tattara shi a kan tayoyi biyu.

Ko a takardun gwajin hukuma, idan ka jera RAV4 mai ja biyu da mai ja huɗu ta shekara ɗaya da injin iri ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai lita guda a kilomita 100 ba, alhali ita mai ja biyun ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafa. Saboda haka wanda ya cire kardan kaɗai ba zai samu ko wannan tazarar gaba ɗaya ba. Mu yi masa karamci mu ce ya samu rabin lita. A farashin watan Yulin 2024, lokacin da gwamnati ta sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, idan Malam yana yin kilomita 1000 a wata, ribarsa lita 5 ce, wato kusan jika biyu da rabi. Kashi ɗaya cikin huɗu da aka yi masa alkawari ya fi lita 3 a kowace kilomita 100, kuma babu ta inda wannan adadi zai fito daga kardan.

Hajiya_Lafiya:
Malam, ni ba ilimin inji gare ni ba, amma aikina na kiwon lafiya ya sa na yi shekaru ina shiga ƙauyukan Dungas da Damagaram Takaya. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a cikin tambayarka, wato mahaifiyarka da ke bayan Magarya. Kwalta tana kai ka Magarya, amma daga nan zuwa yawancin ƙauyuka rairayi ne da hanyar amalanke, idan damina ta sauka kuma ga laka da ƙoramu. Na taɓa kwana a daji tare da mai naƙuda saboda motar da muka samu mai ja biyu ce, ta kafe a yashi bayan magariba, sai da gari ya waye samarin ƙauye suka zo da shanu suka ja mu. Allah ya sa aka sauka lafiya, amma ban manta da wannan daren ba. Ka yi tunanin ranar da za a kira ka da dare a ce tsohuwa ba ta da lafiya, sannan ka auna shi da jika biyu da rabin da Injiniya ya lissafa.

Malamin_SabonGari:
Hajiya, maganarki ta shige ni. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidanmu kilomita 17 ne, kuma akwai wuri biyu da ko a rani sai na ɗauki gudu kafin in ratsa.

Yaro_MaiKaratu:
Iyayena da yayyena, ina da tambaya. Na karanta cewa a wasu motoci akwai fizibil, wato fis na lantarki, da ake sakawa ko cirewa, sai mota ta koma ja biyu ba tare da an kwance ƙarfe ko ɗaya ba. Me zai hana Malam ya bi wannan hanya, tun da ana iya mayarwa idan zai je ƙauye?

Injiniya_Tanimu:
Ƙanena, abin da ka karanta gaskiya ne, amma ba a kan wannan motar ba. Tsofaffin Subaru masu otomatik suna da gurbin fizibil da aka rubuta FWD, idan ka saka fizibil a ciki sai su koma jan gaba. An tanadi wannan ne domin lokacin da ka ɗaura ƙaramar safaya wadda girmanta bai kai na sauran tayoyi ba, ba domin tsimin mai ba, kuma kardan da pon na baya suna ci gaba da juyawa kamar yadda na bayyana. RAV4 ta uku, wadda ta fara daga 2006, ita ma da lantarki take kama baya, kuma ita da kanta yawancin tafiyarta a kan kwalta da gaba take yi, ba ta tura ƙarfi baya sai wajen tashi ko idan ta ji santsi. Maɓallin LOCK ɗinta ma yana sakin kansa idan gudu ya haura kilomita 40. Honda CR-V ta wancan zamani kusan haka take, sai dai ita da matsin mai take kamawa. Nissan X-Trail ta farko kuwa tana da zaɓi na 2WD, AUTO da LOCK a gaban direba. A irin waɗannan, kashe kat-kat ba ya ƙara maka wani abin kirki, domin motar ta riga ta yi tsimin da kanta. Ta Malam kuwa ƙarfe ne tsantsa ke raba ƙarfin, babu wayar da za a zare.

Baba_Zango:
'Ya'yana, kun yi nisa a kan kardan, ni kuwa lita 13 ɗin ce ta dame ni. Motar nan idan tana da lafiya bai kamata ta kai haka ba, sai dai idan duk tafiyar gajera ce a cikin cunkoson Kasuwar Dole da kilim, wato na'urar sanyaya mota, a kunne. Malam, ka duba ko akwai tarmosta a injinka, wato ƙaramin abin da ke tsare ruwan sanyaya inji har sai injin ya ɗau zafi. A ƙasar nan an saba cire ta da sunan zafi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Injin da ke aiki da kwamfuta, idan bai kai zafinsa na aiki ba, kwamfutar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. Da sanyin hunturu abin ya fi muni. Na ga wannan a motata da idona, kuma da aka mayar da tarmosta aka wanke lagireto, bambancin bai ɓuya ba.

Usta_MaiGareji:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. In ƙara a kan nasa: akwai na'urar da ke jikin salansa mai auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi, ita ce ke gaya wa kwamfuta ta rage mai ko ta ƙara. Idan ta mutu, ko an yanke wayarta lokacin da aka fasa tukunyar tace hayaƙi, mota tana shan mai sosai kuma mai ita ba ya sani, domin wutar gargaɗin da ke gaban direba sau da yawa an riga an cire mata ƙwai kafin a sayar. Malam, idan ka murɗa makulli kafin injin ya tashi, ka duba ko hoton injin yana kamawa. Idan ba ya kamawa ko kaɗan, to an rufe maka ido ne. Sai kuma birkin da ke riƙewa: bayan tafiya ka kai hannu kusa da kowace taya, wadda ta fi sauran zafi tana da magana.

Direban_Agadas:
Kada a manta da iskar taya. Mu da ke shiga yashi mun saba rage iska domin taya ta baje ta hau kan rairayi, kuma dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne a fito kwalta a ci gaba da tafiya a haka har mako guda. Taya mai ƙarancin iska tana jan mai, tana zafi, tana cinyewa ta gefe. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Haka nan ƙarfen ɗaukar kaya na saman mota, idan ba kaya za ka ɗauka ba ka sauke shi, domin a kan hanyar Magarya idan ka haura 80 iska ce babbar abokiyar gabarka.

Usta_MaiGareji:
Tun da an zo kan taya, akwai abin da ya shafi kat-kat kai tsaye. Yawancinmu taya ɗaya-ɗaya muke saye ta hannu, wannan sabuwa-sabuwa, waccan ta sha hanya, wani lokaci ma lambar girmansu ba ɗaya ba. A motar da ke ja huɗu kullum, idan tayoyin gaba da na baya ba su yi daidai a kewaye ba, bisko yana ganin kamar santsi ake yi ba tsayawa, sai ya riƙa kamawa yana zafi, motar tana faɗa da kanta. Wannan yana cin mai, yana kuma kashe biskon ko ba a cire kardan ba.

DanBirni:
Duk na ji, amma ku yi wa masu cirewa uzuri. A da muna sayen ruwa-ruwa a bakin titi da araha, ba wanda ya damu da lita nawa mota ke sha. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan sauƙin ya tafi, kowa ya koma gidan mai. Ga matatar SORAZ a kan hanyar Tanut tun 2011, amma duk da haka mun ga layin mai da aka yi a watan Maris na 2025. Mutumin da ya kwana a layi, duk abin da aka ce masa zai rage ko kofi ɗaya ne, zai gwada.

Injiniya_Tanimu:
Ba wanda ya zarge su, DanBirni, matsin gaskiya ne, kuma ni ma na tsaya a wannan layin. Abin da nake gudu shi ne mutum ya biya kuɗin aiki, ya rasa kat-kat, ya rage darajar motarsa a ranar sayarwa, sannan ainihin abin da ke shan man yana nan bai taɓa shi ba. Akwai kuma waɗanda idan aka ce musu pon na baya yana ci gaba da juyawa, sai su ce a zare sandunan baya gaba ɗaya. A motoci da yawa kan wannan sandar da babban notinta su ne ke matse boris ɗin taya, idan aka zare ba tare da an bar kan a ciki ba, taya tana iya fita ana cikin gudu. Wannan ya wuce maganar mai, ya zama maganar rai.

Alhaji_Kolliya:
Injiniya, tawa ba a taɓa sandunan ba, kardan kaɗai aka cire aka yi walda. Kuma har yanzu ina kan bakata cewa ga wanda ba ya barin kwalta, kuma kardan ɗinsa ya riga ya mutu, walda hanya ce da talaka zai iya bi. Amma wanda nasa ke da lafiya kamar Malam, ban ce ya kwance ba.

Malamin_SabonGari:
Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Jiya da yamma na bi abin da kuka faɗa. Tayoyi biyu na baya suna ƙasa da abin da aka rubuta a ƙofa, ɗaya daga cikin na gaba kuma lambarta daban ce da sauran ukun. Hoton injin ba ya kamawa idan na murɗa makulli. Na leƙa da wani yaron gareji, ya tabbatar mini fanka tana tashi tare da injin, abin da ke nuna wataƙila maganar Baba ce. Kardan dai na bar shi a wurinsa a yanzu. Na cika tanki har baki a gidan mai ɗaya, na rubuta lambar kilomita, kuma zan sake cikawa a wannan famfon bayan mako biyu in raba, domin in san inda nake tsaye kafin a gyara komai.

Baba_Zango:
Madalla. Amma ka riƙa gyara abu ɗaya-ɗaya kana aunawa, idan ka haɗa su rana guda ba za ka san wanne ne ya yi aiki ba. Ka fara da tarmosta.

Usta_MaiGareji:
Baba, da izininka, ni da taya zan fara, domin ita ce ke cutar da bisko a kowace kilomita da yake yi yanzu. Malam, ka rubuto mana lambobin da ke jikin tayoyin huɗu kamar yadda suke, da wadda ke kan safaya, in gani ko za a iya musanyawa ba sai ka sayi wata ba.